INA CARKI YA TAFI?

A zango na biyu na shekarar karatun nan, muna koya wa 'yan babban aji ɗaya yadda wasu halittu suke zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, sai muka kawo misalin carki da saniya. Mun zaɓi misalin ne don a ganinmu babu wanda ya fi shi sauƙi. Sai muka ga aji ya yi tsit, ana ta kallon-kallo. Muka ce duk wanda ya taɓa ganin carki da idonsa ya ɗaga hannu. Cikin ɗalibai 46, biyar ne suka ɗaga. Da muka matsa da tambaya, ashe uku daga cikinsu balbela suke nufi, wato farar tsuntsuwar nan mai dogayen ƙafafu da ke bin shanu a ƙasa. Can daga bayan aji wata yarinya ta miƙe ta ce, "Gafara Malam, shi carkin nan tsuntsu ne ko ƙwaro?" Aji ya fashe da dariya, alhali yawancin masu dariyar ba su fi ta sani ba.

Ran nan mun koma gida jikinmu a sanyaye. Yawancin ɗaliban nan jikokin manoma ne, wasunsu ma har yanzu akwai shanun noma a gidajensu. Tsuntsun da muka tashi muna gani kullum kamar kajin gida, ga shi tun furfura ba ta gama kama mu ba ya zama sai an zana shi a allo. Saboda haka da kwamitin wannan mujalla ya nemi mu rubuta wani abu da Hausa, ba mu yi dogon tunani ba. Za mu faɗi abin da muka sani game da carki, wato danginsa, da mazauninsa, da halin da yake ciki a yau. Za mu kuma faɗi namu laifin, gama muna da hannu a cikin maganar.

YADDA MUKA SAN SHI

Mun tashi a wani ƙauye a gindin duwatsu a kudancin Jihar Bauchi. A ƙarshen shekarun 1980, muna 'yan firamare, Baba yana da bijimai biyu na huɗa da jaki ɗaya. A ƙetaren rafi kuwa akwai rugar Fulani, waɗanda suke zaune a wurin tun kafin a haife mu. Da an gama girbi sai su kawo shanu gonakinmu, su ci ragowar kara, su bar mana taki. Mu kuwa da an tashi daga makaranta sai mu jefar da jaka mu bi yaran rugar kiwo. A nan muka san carki.

Ya fi gwara girma, amma bai kai kurciya ba. Tsawonsa kamar santimita 20 ne, nauyinsa kuwa kamar na ƙwan kaza ɗaya. Bayansa ruwan ƙasa ne, cikinsa da gindin wutsiyarsa sun fi haske. Abin da ake gane shi da shi tun daga nesa shi ne bakinsa: gindin bakin ruwan ɗorawa, tsininsa kuma ja wur, sai ka ce ya tsoma shi cikin jini. Idonsa ma ja ne. Faratansa masu lanƙwasa ne da kaifi, wutsiyarsa kuma tana da tauri, da ita yake tokarewa. Don haka yakan bi jikin saniya kamar yadda ƙadangare ke bin bango. Yanzu yana kan tozo, an jima yana ƙarƙashin ciki, ko ya cusa kai cikin kunne, saniya kuwa ta yi lamo tana tuƙa. In ka matso kusa, sai ya zame ya koma ɗaya gefen, ya leƙo ka ta bisa gadon baya. In ka ƙara matsowa, sai su tashi gaba ɗaya da wani kuka mai kaushi kamar ana yayyafa ruwa a mai mai zafi.

A kan tsuntsun nan Baba da tsohon rugar, wanda muke kira Baffa, ba su taɓa shiryawa ba. Jakinmu yana da miki a baya inda mangala ke gugarsa. Da ya fara kamewa sai carki ya sauka ya fama shi, jini ya sake tsatsowa. Baba yakan ce, "Wannan tsuntsu azzalumi ne, ba ya so a warke." Baffa kuwa sai ya girgiza kai ya ce, "A'a maƙwabci, garken da carki ya ƙaurace wa, kaska ce za ta gaje shi." Haka za su yi ta musu a gindin tsamiya har ƙwaryar nono ta ƙare, kowa ya tashi da ra'ayinsa. Mu dai umurnin Baba muka bi. Duk carkin da ya sauka a kan jakin nan, sai mu auna shi da danƙo. Wanda ya fi kashewa shi ne gwani a cikinmu.

DANGINSA

Sai da muka shiga kwalejin horon malamai muka gane cewa masana sun daɗe suna tattaunawa a kan tsuntsun da muke harbi. Yadda mutum yake da ƙabila, da zuriya, da gida, da sunan yanka, haka masana kimiyya suka tsara halittu. A duniya akwai tsuntsaye wajen iri 11,000, fiye da 900 daga cikinsu ana samun su a Nijeriya. Fiye da rabin tsuntsayen duniya suna cikin babban rukuni guda, na masu ƙafar kama reshe, wato yatsu uku gaba ɗaya baya. Carki yana cikin wannan rukuni tare da gwara da hankaka.

Kowace halitta tana da suna biyu na Latin, na farko sunan gida, na biyu nata na kanta. Sunan carkinmu Buphagus africanus. Wani Bafaranshe mai suna Birison ne ya ƙago sunan gidan a shekara ta 1760, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin "sa" da "ci". A shekara ta 1766 kuma Linniyas, masanin nan na ƙasar Suwidin wanda ya kafa wannan tsari na suna biyu, ya sa shi a jerinsa da cikakken sunan. Tsuntsun da aka fara bayyanawa daga Senegal aka samo shi. In aka fassara sunan, ma'anarsa "maci sa na Afirka". Da Baba ya ji wannan, da ya ce ai Turawa ma sun goyi bayansa.

Gidan nan 'ya'ya biyu kacal gare shi. Akwai namu, akwai kuma ɗan'uwansa wanda bakinsa duka ja ne, da zobe ruwan ɗorawa kewaye da ido. Shi wannan a gabashi da kudancin Afirka yake, daga Habasha zuwa Afirka ta Kudu. Duk duniya babu inda ake samun su biyun sai a nahiyarmu.

To, wane dangi ne nasu? Littattafan da muka karanta a kwaleji sun sa carki cikin dangin shaya, wato tsuntsuwar nan mai sheƙi, shuɗiya kamar sabon rini, mai ido ruwan ɗorawa, wadda kan cika bishiyar ɓaure da surutu. Dangin shaya, da ake kira Sturnidae, babba ne, yana da wajen iri 120 a Afirka da Turai da Asiya har zuwa tsibiran da ke bayanta. An haɗa su ne don kamannin jiki, da zama cikin garke, da yin sheƙa a kogon itace. Haka muka haddace, haka muka rubuta a jarrabawa, haka kuma muka koyar shekara da shekaru.

Amma a shekarun 2006 da 2007 masana suka binciki ƙwayoyin gado na tsuntsayen, abin da ake kira DNA, sai suka tarar da wani abin mamaki. Kakannin carki sun rabu da na shaya tun da daɗewa ƙwarai. Har ma shaya ta fi kusa da wasu tsuntsayen Amurka masu kwaikwayon kukan 'yan'uwansu fiye da yadda take kusa da carki. Saboda haka aka fitar da carki aka ba shi dangi nasa na kansa, Buphagidae. Shi da shaya har yanzu 'yan'uwa ne, amma na nesa, irin waɗanda sai a wurin biki ake haɗuwa. Wannan ya koya mana abu biyu. Na ɗaya, malami ma ɗalibi ne, tilas ya gyara tsohon littafin darasinsa. Na biyu, dangin da 'ya'yansa biyu ne tak, rashin ɗaya ba ƙaramin rashi ba ne.

MAZAUNINSA

In aka duba taswira, ƙasar carki tana da faɗi. Ta taso daga Senegal, ta ratsa Mali da Burkina Faso da kudancin Nijar da arewacin Nijeriya da Kamaru da Cadi har Sudan, sa'an nan ta gangara gabashin Afirka zuwa kudu, ko da yake a can tsilli-tsilli yake. Ba ya zama cikin hamada, ba ya kuma shiga ƙurmi mai duhu. Fili mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi, irin namu, shi ne nasa.

Amma taswira ba ta faɗi gaskiya duka ba. Ainihin mazaunin carki shi ne bayan dabba. A nan yake ci, a nan yake hutawa, a nan yake neman mata. A dajin Serengeti na Tanzaniya, na'urorin ɗaukar hoto da aka kafa sun kama shi da dare yana barci a maƙale a hammatar raƙumin dawa. Tun asali manyan namun daji ne masu masaukinsa: ɓauna, da raƙumin dawa, da karkanda, da gwanki, da dorina. Giwa ce ba ta cika yarda da shi ba, da ya sauka takan kore shi.

A yammacin Afirka kuwa yawancin waɗannan masu masauki sun tafi. Karkandar yankinmu, wadda ta ƙarshenta ta zauna a arewacin Kamaru, an sanar da ƙarewarta a shekara ta 2011. Raƙumin dawa irin na yammacin Afirka ya rage a Nijar kaɗai, musamman wajen Kure kusa da Yamai. A shekara ta 1996 bai wuce 50 ba, kafin a tashi tsaye a kiyaye shi har ya haura 600. Ɓauna da gwanki kuwa sai a wurare irin su gandun dajin Yankari. Saboda haka carkinmu ya koma dogara ga dabbobin gida: shanu, da jakuna, da dawaki, da raƙuma. Rayuwarsa ta koma hannun makiyayi da manomi.

Abu na biyu da ba ya iya yi sai da shi, shi ne kogon itace. Ba ya sassaƙa kogo da kansa, sai dai ya nemi wanda ya tarar a tsohuwar bishiya. Yakan shimfiɗa ciyawa da gashin da ya tsige daga jikin dabbobi, macen ta sa ƙwai biyu ko uku. Wani abin sha'awa shi ne, ba iyaye kaɗai ke ciyar da 'ya'yan ba. Waɗansu manya na garken, sau da yawa yayyen da aka ƙyanƙyashe a baya, sukan taya su kawo abinci. Ashe zumunci ba a wurin ɗan Adam kaɗai yake ba.

ABOKI NE KO MAƘIYI?

Mu koma ga musun Baba da Baffa. Wa ya fi gaskiya?

Baffa yana da hujja. Babban abincin carki kaska ce, ya fi son wadda ta sha jini ta kumbura. An ƙiyasta cewa babban carki ɗaya yana iya cin irin wannan kaska fiye da 100 a yini. Yana kuma cin ƙudaje masu cizo, da dauɗar kunne, da matacciyar fata. Duk wanda ya yi kiwo ya san ɓarnar kaska. Tana shan jini, tana ɓata fata da hantsa, tana ɗauke da cututtuka masu kisa, kuma inda ta yi yawa kirci yakan tsananta. Hausawa sun ce kaska za ta mutu da haushin kifi. Da an tambaye ta, da ta ce haushin carki ya fi.

Baba ma yana da hujja. Abin da carki yake so a jikin kaska jinin ne, in kuwa ya sami jinin a buɗe ba zai ƙi ba. Wani bincike da aka buga a shekara ta 2000, wanda aka yi a kan shanu a Zimbabuwe da ɗan'uwan nan mai jan baki, ya nuna cewa shanun da aka hana tsuntsun sauka a kansu ba su fi sauran yawan kaska ba, mikinsu kuma ya fi saurin warkewa.

Akwai kuma wani aiki na uku da su biyun ba su ambata ba, ko da yake maharba sun san shi, wato gadi. A shekara ta 2020 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Afirka ta Kudu. Karkanda ba ta gani sosai. Masu binciken sukan lallaɓo ta ta inda iska ba za ta kai mata warinsu ba. Wadda ba ta da carki a jikinta, sau ɗaya cikin huɗu kawai take farga. Wadda ke ɗauke da carki kuwa kowane karo sai ta farga, tun mutum yana da nisan wajen mita 60, don tsuntsun yakan yi kukan gargaɗi. Shi ya sa da harshen Suwahili ake kiransa dogarin karkanda.

Ashe dattawan nan biyu kowa ya ga gefe ɗaya ne. Carki zuma ne, ga zaƙi ga harbi. Maganin mikin jaki shi ne a wanke shi, a sa magani, a rufe, a kuma gyara mangala. Ba sai an ƙarar da tsuntsu ba.

HALIN DA YAKE CIKI

Akwai wata ƙungiya ta duniya mai lura da kiyaye halittu, ana kiranta IUCN a taƙaice. An kafa ta a shekara ta 1948, hedkwatarta tana ƙasar Suwizalan. Tun shekara ta 1964 take ajiye wani jeri da ake kira Jan Jeri, inda ake auna kowace halitta a sa ta a matakin da ya dace da ita. Matakan suna hawa kamar tsani: wadda babu damuwa sosai a kanta, wadda ke dab da haɗari, mai rauni, wadda ke cikin haɗari, wadda ke cikin matsanancin haɗari, wadda ta ƙare a daji sai a hannun mutane, da wadda ta ƙare ƙaƙaf.

Carki yana matakin farko, na babu damuwa sosai. Dalili shi ne ƙasarsa tana da faɗi, kuma in aka haɗa na ko'ina yana da yawa, ko da yake jerin ya nuna yawan nasa raguwa yake yi. Da muka faɗa wa aji haka, wani yaro ya ce, "To Malam, ai ke nan babu matsala." Tambayarsa tana kan hanya, kuma ita ce zuciyar wannan rubutu. Jerin yana auna duniya ne dungum. Ba ya auna ƙauyenku. Tsuntsu ba ya ɓacewa daga duniya rana ɗaya. Yakan ɓace daga wannan rafi, sa'an nan daga wancan gari, sa'an nan daga lardi, kowa yana cewa ai akwai shi a wani wuri.

Ga misali daga Afirka ta Kudu. A shekara ta 1887 cutar bushiya ta shigo nahiyarmu ta gaɓar Iritiriya tare da shanun da aka kawo daga waje. Ta bazu kamar wutar daji, ta ratso har ƙasashenmu, ta isa Afirka ta Kudu a 1896. A wurare da yawa ta kashe shanu tara cikin goma, ta haɗa da ɓauna da sauran namun daji. Bayan haka manoman can suka shiga yi wa shanu wanka da maganin kaska mai gubar asanik. Carki ya ci kaska mai guba, ya mutu. Kafin shekara ta 1920 an daina ganin irin namu yana sheƙa a duk ƙasar. Sai a shekara ta 1979, bayan kamar shekara 60, aka sake ganinsa a arewacin gandun dajin Kuruga, ya ƙetaro daga Zimbabuwe bayan da ɓauna ta sake yawa. Labarin yana da gargaɗi, yana kuma da ƙarfafawa. Carki yana iya ƙarewa a ƙasa guda cikin 'yan shekaru, yana kuma iya dawowa in an bar masa abinci mai tsabta da wurin kwana.

Misali na biyu a ƙofar gidanmu yake. Wa zai ce ungulu za ta yi wuyar gani? Muna yara, rufin mahauta da na kasuwa baƙi ƙirin yake da ita. Ita ma tana matakin babu damuwa sosai har zuwa ƙarshen shekarun 2000. A shekara ta 2011 aka ɗaga ta zuwa matakin haɗari, a 2015 kuma zuwa matsanancin haɗari, saboda guba da kuma masu sayen sassan jikinta don tsubbu. Cikin 'yan shekaru ta haye tsanin nan kusan duka. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

NAMU LAIFIN

A shekara ta 2004, da muka karɓi albashinmu na fari, muka so mu faranta wa Baba rai. Bijimansa na lokacin sun cika da kaska. Ranar kasuwa muka sayi wani magani a hannun mai talla, a cikin kwalbar da ba ta da ko takarda a jiki. Ya ce murfi ɗaya a bokitin ruwa. Mu kuwa masu ilimi muka zuba uku, don aiki ya yi kyau. Mu da ƙanenmu muka wanke bijiman tas. Washegari kaska ta zube, muka yi ta murna. Rana ta uku ƙanen namu ya shigo da carki uku a hannu, matattu, ya tsince su a gindin tsamiya. Baba, wanda ya yi shekaru yana tsine wa tsuntsun nan, ya juya su da sandarsa, ya daɗe bai ce kome ba. Daga bisani ya ce, "Kora na ce a yi, ban ce a ƙarar da su ba." Ɗaya daga cikin bijiman ma sai da ya yi kwanaki yana dalalar da yawu, Allah ne ya kiyaye.

Sauran ya biyo baya a hankali. Tsohuwar ƙiryar da ke bakin rafi, wadda carki ke sheƙa a kogonta, masu gawayi suka sare ta, suka bi da marke da kaɗanya. Burtali ya zama gona. Sa'an nan aka shiga shekarun rashin jituwa, wata safiya aka wayi gari rugar ƙetaren rafi babu kowa. Baffa ya riga ya rasu, 'ya'yansa da muka yi kiwo tare suka kaɗa shanunsu suka yi gaba. Ba a wannan shafi za mu yanke shari'ar abin da ya faru ba. Abin da muka sani shi ne, da maƙwabta suka tafi, taki ya tafi, nono ya tafi, carki ma ya bi su. A bikin Kirsimati da ya wuce mun yi kwana shida a gida muna dubawa, ko ɗaya ba mu gani ba.

Guba, da gatari, da watsewar garke: abubuwa uku ke nan, kuma babu wanda baƙo ya kawo mana. Da hannunmu muka yi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Littafin Farawa ya nuna mana cewa aikin fari da Ubangiji Allah ya ba Adamu shi ne lura da gonar da aka sa shi ciki, kuma shi ne ya raɗa wa dabbobi da tsuntsaye suna. Ashe raɗa suna da kiyayewa tare aka ba mu su. Wanda bai san sunan abu ba, ba zai lura da ranar da ya ɓace ba. A cikin Bisharar Matiyu kuma Ubangijinmu ya koyar cewa ko ɗan tsuntsun da ba shi da daraja a kasuwa, Uba yana sane da faɗuwarsa. In haka ne, carki ukun nan na gindin tsamiya ba a manta da su ba. An ba mu mulki a kan halitta, amma mulkin wakili ne, wanda zai ba da lissafi.

Ba muna cewa a bar kaska ta cinye shanu ba ne. Manomin da bijiminsa ya mutu da damina ya san abin da ya rasa. Abin da muke roƙo kaɗan ne. Kada a sayi maganin da ba shi da suna. A nemi shawarar malamin dabbobi, gama akwai magungunan kaska da ba su cika cutar da tsuntsu ba, a kuma bi awon da aka rubuta. A bar tsohuwar bishiya mai kogo ko da guda ɗaya ce a gona. Yara kuma su rataye danƙo.

Kafin hutun Ista mun ba ajin nan aiki. Kowa ya sami ɗan littafi, ya rubuta tsuntsayen da ya gani, da wuri, da rana, ya kuma tambayi kakanninsa sunayensu da harshen gida. Da aka dawo, mun tattara sunan carki da harsuna bakwai. Wata kaka har ta aiko a tambaye mu ko lafiya muke neman tsuntsun da ita kanta ta manta rabonta da shi. Yawancin littattafan babu carki a ciki. Amma yarinyar nan da ta tambaya ko ƙwaro ne, ta sa yayanta ya kai ta kara ranar kasuwar shanu. Ta tsaya tun safe har rana ta take, ta ga guda huɗu a kan wani farin bijimi. Ta zana ɗaya, ta shafa wa bakin ja da ruwan ɗorawa daidai yadda yake. Zanen yana manne a bangon ɗakin gwaje-gwaje, duk mai so ya je ya gani.

Ku 'yan aji shida masu fita, a cikinku akwai waɗanda za su zama likitocin dabbobi, da malaman gona, da fastoci, da masu riƙe da ƙananan hukumomi. Wata rana wani zai kawo muku takarda ya ce abu kaza babu damuwa a kansa. Ku karanta takardar, amma ku kuma leƙa waje ku duba da idonku. Muna addu'a ranar da 'ya'yanku za su zauna a wannan aji, in malami ya tambayi wanda ya taɓa ganin carki, hannuwa su tashi da yawa.

Allah ya ba mu hikimar riƙon amanar da ya danƙa mana. Amin.